Kama da Ayu Ba Ayu Ba Ne

Mu mutanen Kongolam ba mu san babban ruwa ba. Ruwanmu na rijiya ne, da na tafki, da na ƙoramar da kan cika a watan Agusta ta ƙafe kafin a gama kai amfanin gona rumbu. In aka yi maganar ruwa mai faɗi a ƙasar Daura, to madatsar Sabke ake nufi ko ta Daberam, kuma halittar ruwa mafi shahara a tarihinmu ita ce macijiyar rijiyar Kusugu. Duk da haka akwai wata dabbar ruwa da sunanta ya zauna daram a bakin jama'a, tun daga tashar mota har ɗakin amarya, alhali da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin ta da idonsa. Ayu ke nan.

Ta hanyar mansa muka san shi. Masu magani kan kasa shi a 'yan kwalabe ranar Lahadi a kasuwar Mai'adua, masu kayan mata kuma yanzu sun koma tallarsa a Facebook da TikTok. Abin da ake cewa yana yi sananne ne, ba sai na maimaita ba. Ni abin da ya ɗauke mini hankali shi ne hoton da kan raka tallar. Tun da waya ta shiga hannun kowa, mai sayarwa yakan so ya nuna wa mai saye dabbar da aka tatso man daga jikinta, kuma sau da yawa abin da yake nunawa wata halitta ce mai tsinin baki da dogon gashin baki, tana zaune a kan dutse ta ɗaga ƙirji. An taɓa miƙo mini waya a majalisarmu in ga wani bidiyo: bakin teku ne ya yi baƙi ƙirin da irin waɗannan dabbobi, dubbai a kan dubbai, suna ta kuka kamar garken tumaki, an rubuta a ƙasa cewa ga inda ake samo ayu. Wani dattijo da ke gefe ya kada baki ya ce, ashe abin ma ba shi da iyaka.

Wannan magana tasa ce ta sa na zauna rubutun nan. Dabbar da ke cikin bidiyon ba ayu ba ce, ko dangi ba su haɗa ba. Kuma ruɗa su da ake yi yana da illa, domin ɗaya tana da yawa ƙwarai, ɗayar kuwa tana ƙarewa.

Sunan da babu

Hausa ba ta raɗa wa dabbar cikin bidiyon suna ba, don Bahaushe bai taɓa zama maƙwabcinta ba. Muna da karen ruwa, amma wannan wata ƙaramar dabba ce mai ƙafafu huɗu da doguwar wutsiya, wadda masunta suka sani a manyan kogunanmu tana yi musu ɓarnar kifi. Saboda haka a nan zan kira ta bakin tekun da karen teku. Yaran da ke karatu a tsallaken iyaka, daga Ɗan Barto zuwa Matamaye da Damagaram, sun fi namu samun sauƙi, domin Faransanci ya raba sunayen sarai: karen teku mai kunne shi ne otarie, marar kunne phoque, ayu kuma lamantin.

Karnukan teku masu kunne su ma gida biyu ne. Akwai waɗanda ake kira zakunan teku, masu gajeren gashi mai kaushi. Akwai kuma masu gashi hawa biyu: dogo mai kauri a waje, a ƙarƙashinsa kuma wani lallausa mai tsananin cunkoso wanda ke riƙe iska ya hana ruwan sanyi taɓa fata. Waɗannan su na kira karnukan teku masu bargo, kuma su ne a bidiyon. Masana sukan lissafa iri tara. Takwas suna ƙarƙashin sunan Arctocephalus, wato mai kan dabbar nan beyar, galibinsu a tekunan kudancin duniya. Na taran, Callorhinus ursinus, yana can arewacin tekun Pasifik, tsakanin Alaska da Rasha da Japan.

Tambayoyi huɗu

Wanda ya ga hoto yana son ya san abin da yake kallo, tambayoyi huɗu sun ishe shi.

Ta farko, a ina dabbar take, a tudu ko a ruwa? Ayu ba ya fitowa tudu. A ruwa ake haifuwarsa, a ruwa yake shan nono, a ruwa yake barci, sai dai ya ɗago hanci ya shaƙi iska ya koma. Ba shi da ƙafafun baya ko alama, jikinsa yakan tafi ne ya ƙare da wutsiya guda mai faɗi, kewayayya kamar faifai. Duk dabbar da ka gani zaune a kan dutse tana shan hantsi, ka cire ayu daga lissafi.

Ta biyu, yaya take tafiya? Karen teku mai kunne yana iya juyo filafilansa na baya su dawo ƙarƙashin jikinsa, ya tashi a kan gaɓoɓi huɗu ya yi tafiya, har ya yi gudu ya hau dutse. A ruwa kuma da dogayen filafilan gaba yake iyo, kamar tsuntsu yana kaɗa fiffike. Marar kunne ba ya iya wannan juyin. A tudu jan ciki yake yi kamar tsutsa, a ruwa kuma da na baya yake tunkuɗa kansa.

Ta uku, akwai kunne? Dubi bayan ido da kyau. In ka ga wani ɗan tsiro mai tsini, bai wuce gaɓar yatsa ba, to mai kunne ne. In rami kawai ka gani, marar kunne ne. Ayu kuwa ramin kunnensa ƙanƙane ne har da ƙyar ake ganin sa.

Ta huɗu, me take ci, kuma da wane irin haƙori? Karen teku mafarauci ne, yana da fiƙoƙi irin na kare, yana cin kifi da sauran ƙananan halittun teku, kuma asalinsa ɗaya da dabbobi masu cin nama na tudu. Ayu makiyayi ne. Ciyawar ruwa yake ci, da ganyen da ya sunkuyo daga gaɓa, wani lokaci har ya shiga fadamar shinkafa idan ruwa ya yi ambaliya. Leɓensa na sama a rabe yake, yana kama ciyawa da shi kamar yatsu. Babba ba shi da fiƙa, sai matauna, kuma mataunan nan suna da wani abin al'ajabi: sababbi kan tsiro daga can baya su yi ta matsowa gaba, na gaba da yashi ya cinye su faɗi, haka har ƙarshen rayuwarsa. 'Yan'uwansa na kusa a doron ƙasa su ne giwa da rema, wannan 'yar dabba da ke laɓe a duwatsun ƙasar Hausa. A bakin filafilansa ma akwai 'yan farata irin na giwa.

Wane ne daga cikin taran?

Sanin cewa karen teku mai bargo ne rabin aiki ne. Iri-iren nan tara sun yi kama da juna sosai, har masana kansu sukan haɗa da awon ƙoƙon kai ko gwajin ƙwayoyin halitta kafin su yanke hukunci a kan wanda aka tsinta shi kaɗai. Amma akwai wata shaida mai ƙarfi da ba ta buƙatar ɗakin gwaji, ita ce wuri. Kowane iri yana da gaɓar da yake haihuwa, kuma yakan koma can shekara bayan shekara.

Iri ɗaya tak ke haihuwa a gaɓar nahiyar Afirka, sunansa Arctocephalus pusillus. Mazauninsa ya faro daga Algoa Bay a gabashin gaɓar Afirka ta Kudu, ya zagayo ta Kef Tawun, ya bi gaɓar Namibiya gaba ɗaya, ya tsaya a Baia dos Tigres a kudancin Angola. Yana da wani reshe can kudu maso gabashin Ostareliya, a tsibiran mashigin Bass. Shi ne mafi girma a cikin masu bargo: ƙato yakan haura mita 2, nauyinsa tsakanin kilo 200 da 300, ya ninka mace sau uku ko huɗu. Launinsa toka-toka ne mai sirkin ƙasa-ƙasa, 'ya'yan kuma baƙaƙe ake haifarsu, a ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, daidai lokacin da hunturu ke kankama a nan. Yawansu a gaɓar Afirka ya kai wajen miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu.

Bidiyon da ya nuna su fululu a kan rairayi, da hamada a bayansu da teku a gabansu, alamarsa ta Namibiya ce. Wurin da masu yawon buɗe ido suka fi ɗaukar irin wannan hoto shi ne Cape Cross, inda matuƙin jirgin ruwan Fotugal Diogo Cão ya kafa ginshiƙin dutse a 1486. A lokacin haihuwa karnukan teku da ke taruwa a wurin sukan haura dubu 100.

Akwai wani iri da kan ɓato hanya ya faɗo gaɓar Afirka jifa-jifa, Arctocephalus tropicalis. Shi a tsibirai masu nisa yake haihuwa, irin su Gough da Marion da Amsterdam, a tekunan kudu. Gane shi ba wuya: fuskarsa da ƙirjinsa ruwan ɗorawa ne mai haske, kamar ya sa 'yar shara, kuma namiji yana da tukku a ka. In ka ga guda ɗaya tilo mai hasken ƙirji, baƙo ne. In ka ga taro mai launi ɗaya a gaɓar hamada, 'yan gida ne.

Karen teku da ya fi kusa da mu kuwa ba mai bargo ba ne, marar kunne ne, sunansa Monachus monachus. Yana zaune a kogunan dutse na bakin teku a Ras Nuwadibu, kan iyakar Muritaniya da Yammacin Sahara. Yana cikin karnukan teku mafi ƙaranci a duniya, kuma a 1997 wata annoba ta kashe kusan kashi biyu cikin uku na wannan garke cikin 'yan watanni.

Taswira biyu da ba su haɗu ba

Me ya sa babu karen teku mai bargo a Legas ko Kalaba? Amsar tana cikin bargon nasa. Halitta ce da aka shirya wa ruwan sanyi. A gaɓar Namibiya akwai igiyar ruwa da ake kira Benguela, inda iska ke ture ruwan sama, ruwa mai sanyi na ƙarƙashin teku ya taso da abinci mai yawa, kifi ya yi ambaliya. Ruwan Mashigin Gini ɗumi gare shi, ba shi da wannan yalwa, kuma mai bargo biyu da kitse ba zai ji daɗinsa ba.

Ayu akasin haka yake. Duk girman jikinsa, wanda kan kai mita 3 ko fiye da nauyin ɗaruruwan kilo, ba ya jure sanyi. Danginsa na Fulorida a Amurka sukan kamu da ciwo idan ruwa ya daɗe ƙasa da digiri 20. Shi ya sa ayun Afirka, Trichechus senegalensis, yake bin ruwa mai ɗumi, na gishiri da na daɗi, daga Kogin Sanagal har zuwa kogunan tsakiyar gaɓar Angola. Ya kuma kutsa cikin ƙasa nesa da teku. Yana Kogin Kwara tun daga fadamun Mali, ya biyo ta Ayoru da Gaya a Nijar, ya shigo Yawuri da tafkin Kainji. Yana Binuwai da rassansa, ciki har da Kogin Katsina-Ala, wanda sunansa kawai ya haɗa da Katsinarmu, yana can Jihar Binuwai. Yana tafkin Pandam a Jihar Filato, da tafkunan Lere da Tirene a kudu maso yammacin Chadi. A Angola ne taswirorin biyu suka kusanci juna: inda ruwan ɗumi ya ƙare ayu ya tsaya, can gaba kudu inda ruwan sanyi ya kama karen teku ya fara.

Ruɗani a kan ayu tsoho ne, kuma ba mu kaɗai ya kama ba. Nonon macen a hammata yake, abin da ya sa al'ummu da yawa suka alaƙanta ta da 'yan ruwa. A Janairun 1493 Kolumbus ya ga danginta a tekun Karibiyan ya ɗauka matan ruwa ne na tatsuniya. A 1855 Bajamushen nan Eduard Vogel ya aika Turai da bayanin wata dabba a Binuwai, ya rubuta sunanta Ajuh, wato ayu ɗinmu da rubutun Jamusanci, yana zaton wani nau'in kifi whale ne. Masanin Ingila Richard Owen ya gane asalinta a 1856, ya sa mata suna Manatus vogelii don girmama shi. Daga baya aka tabbatar ita ce dai wadda aka riga aka raɗa wa suna senegalensis tun 1795. Ke nan kalmar da muke furtawa a kasuwar Mai'adua ta shiga littattafan kimiyyar Turai shekaru fiye da 160 da suka wuce.

Abin da ke cikin kwalba

Yanzu mu dawo kan maganar cewa abin ba shi da iyaka. Karnukan teku masu bargo sun taɓa kaiwa bakin ƙarewa. A ƙarni na 18 da na 19 jiragen Turawa da Amurkawa sun bi tsibiri-tsibiri suna kashe su saboda fatar. Na tsibiran Juan Fernandez an ɗauka ya ƙare ƙurmus sai a 1965 aka sake ganin sa. A 1911 Amurka da Birtaniya da Japan da Rasha suka sa hannu a yarjejeniyar hana farautar na arewa a tsakiyar teku, ɗaya daga cikin yarjejeniyoyin farko na kare dabbobi tsakanin ƙasashe. Da aka sassauta musu sai yawancinsu suka farfaɗo, domin macen kan haihu kusan kowace shekara, kuma suna da tsibirai da gaɓoɓin da mutum ba ya zama.

Ayu ba shi da wannan gata. Macen kan yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗa guda, ta yi ta rainonsa, sai bayan shekaru ta sake haihuwa. Ba shi da tsibirin gudu, domin kogin da yake zaune shi ne na masunta da manoma da jiragen kwale-kwale masu inji. Raga kan kama shi ya kasa ɗagowa ya shaƙi iska. Madatsun ruwa, irin ta Kainji da aka kammala a 1968, sukan raba garke biyu su tare hanyar da ya saba bi. Da rani yakan maƙale a gulbin da ruwansa ya janye. A da farautarsa sana'ar gado ce ta Sarkawa, da mashi da ƙa'idojinta da lokacinta. Yau kuɗin mai da nama ne ke kiran kowa. Ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Dokar Nijeriya ta 1985 kan dabbobin da ke cikin haɗari ta hana farautarsa. A Maris na 2013, a taron Bankok, aka ɗaga shi zuwa rukunin farko na yarjejeniyar CITES, wanda ya haramta cinikin duk wani sashe na jikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa. Nijeriya da Nijar duk sun sa hannu a wannan yarjejeniya. Mu da ke bakin iyaka ya kamata mu fahimci abin da hakan ke nufi: kwalbar man ayu na gaskiya da ta tsallaka daga Kongolam zuwa Ɗan Barto don sayarwa kayan haram ce a idon dokar ƙasashen biyu.

Ga yadda nake kallon lamarin. Kitse in ya narke, ido ba ya iya faɗin dabbar da ya fito daga jikinta. Mai riƙe da kwalbar nan yana tsakanin abu biyu ne. In man ba na ayu ba ne, an karɓi kuɗinsa a kan ƙarya, kuma zai kai wa iyalinsa abin da bai san mene ne ba su shafa a jiki. In kuwa na ayu ne, to an kashe guda daga cikin dabbar da ba ta iya mayar da gurbin abin da ake ɗauke mata. Hoton gaɓar Namibiya yana rufe duka biyun. Yana ba mai shakka hujjar ƙarya cewa ga dabbar ya gani da idonsa, yana kuma kwantar wa mai tausayi hankali cewa ɗebe ɗaya daga miliyan ba ya rage komai. Mai tallar da bai iya bambanta ayu da karen teku ba kuwa ya riga ya gaya maka iyakar saninsa da abin da yake sayarwa.

Ba na raina masu maganin gargajiya. A cikinsu akwai waɗanda suka san itace da saiwa fiye da duk wani littafin da na karanta, kuma galibinsu su ma saro man suke yi daga hannu na uku ko na huɗu. Abin da nake roƙo ƙarami ne: mu riƙa kiran kowace halitta da sunanta. Malamin firamare a Kongolam ko Zango ko Sandamu zai iya koya wa yara tambayoyin nan huɗu cikin darasi guda, da allo da alli. Yaron da ya san cewa ayu ba ya hawa dutse ba za a sayar masa da hoton Namibiya ba idan ya girma.

Dangin ayu sun riga sun yi asarar ɗaya daga cikinsu. A 1741 wani masani mai suna Georg Steller ya ga wata ƙatuwar saniyar teku a tsibiran tekun Bering, tsawonta ya kai mita 8, mai sanyin hali, tana kiwon ciyawar teku a ruwa marar zurfi. Mafarautan da ke zuwa tsibiran neman fatu, ciki har da ta karnukan teku masu bargo, suka mayar da ita guzurin nama da kitse. Zuwa 1768 babu ko guda. Shekara 27 kacal tsakanin ganin ta da ƙarewarta. Karnukan tekun suna nan a tsibiran har gobe, suna haihuwa kowace bazara. Ita kuwa ƙasusuwanta kawai suka rage a gidajen tarihi.